Hannuwan Harlan Solberg

Duk ranar da dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba a garinmu Norby, kafin mutum ya gama kofinsa na farko zai ji ƙarar shebur daga layin coci. Ba sai ka leƙa ba, Harlan Solberg ne yake share ƙofar gidan Malama Ardis. Tasa ƙofar tana can cike har gwiwa, sai ya gama da ta tsohuwar tukuna. Shekara shida ke nan yana haka. Ita kuwa godiyarta ɗaya ce, ta ɗaga taga ta ce masa ya bar wani wuri a gefen matakala. Ya ce, "To, Malama," ya koma ya gyara. Baƙi sukan ɗauka yayarsa ce, alhali ko kaka ba su haɗa ba. Tunda shi da bakinsa ya ba da labarin a shagon aski, ban ga laifin maimaita shi ba.

Shekara talatin da huɗu Harlan ya yi yana raba wasiƙu a garin nan. Dogo ne ƙaƙƙarfa, tafin hannunsa kamar murfin tukunya, sai dai ba kowa ya taɓa ganin hannun da kyau ba. Da ya saka wasiƙa a akwati, hannu ya koma aljihu. A coci ana gaisawa, shi sai ya sunkuyar da kai ya yi murmushi. Mu dai mutanen arewacin jihar Minnesota an san mu da kawaici. Wani zai taka ka, kai ne za ka ba shi haƙuri. In yanka ɗaya na kek ya rage a faranti, a yi ta raba shi biyu har ya ƙi rabuwa, don kada a ce wane ne ya cinye na ƙarshe. To amma ko a cikinmu Harlan ya yi zarra. Karen gidan Lund ya taɓa kafa masa haƙora a ƙauri, mutumin nan ya tsaya cak har karen ya gaji ya saki don kansa, sannan ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ba matar gidan haƙurin ya tsorata mata kare. Aka yi ta dariya a gari, ana cewa Harlan ba shi da zuciya. Da a ce haka ne, da ya huta.

Ubansa Nils manomi ne mai shanun tatsa, kuma dattijon coci. Shi ke riƙe wa mutane ƙofa ran Lahadi, shi ke tambayar lafiyar kowace tsohuwa da sunanta. Musa a baki, Fir'auna a zuci. Uwar Harlan ko a tsakiyar zafin Yuli riga mai dogon wuya take sawa, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta dalili, don tambaya irin wannan rashin ladabi ce a wajenmu. Wata safiya, Harlan yana ɗan shekara goma sha bakwai, uwar ta yi tuntuɓe da bokitin madara a ɗakin shanu. Nils ya ajiye abin da ke hannunsa a tsanake, ya nufo ta. Harlan bai san lokacin da ya sha gabansa ba. Sai dai ya ga wuyan ubansa a cikin hannuwansa, bayan tsohon a jikin bango, takalmansa suna shure iska.

Da yamma suka zauna cin abinci su uku, ana miƙo dankali ana cewa na gode. Nils bai sake ɗaga wa matarsa hannu ba har ya mutu, ba kuma wanda ya sake tayar da zancen. Amma abin da Harlan ya kasa yafe wa kansa ba kamun ba ne. Daɗin da ya ji ne. A ɗan lokacin nan wani sanyi ya ratsa shi, zuciyarsa ta ce ƙara matsewa. Daga ranar ya yanke wa kansa hukunci: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, abin da ke cikin Nils yana cikinsa, kuma maganinsa aljihu.

Ya auri Lorna, mace mai haƙuri da ta san labarin, ta kuma iya zama da shi a haka. Suka haifi 'ya ɗaya, Britta. Harlan ya yi mata gadon jariri da hannunsa, ya yi mata lilo a bishiyar bayan gida, bai taɓa fashin zuwa taron makarantarsu ba. Amma bai taɓa ɗaukarta ba. In ta faɗi ta ƙuje gwiwa, sai ya tsuguna kusa da ita yana kiran Lorna. Yarinya ba ta san dalili ba, abin da ta gani shi ne uban kowa yana saɓa 'yarsa a kafaɗa ban da nata. Ta girma, ta yi aure a birnin Duluth, tana kiransa a waya duk Lahadi, su yi hirar yanayi minti biyar su ajiye.

Shekarar da ya bar aiki, a ita Lorna ta rasu, a ita kuma Britta ta haifi ɗa namiji, Anders. Ranar baftisma, a gaban dangin mijinta, ta miƙo masa jaririn. Harlan ya ja da baya, ya ce yana jin kamar mura za ta kama shi.

Britta ta dube shi ta ce, "Baba, har shi ma?"

Ta juya ta miƙa wa surukarta yaron. Kiran Lahadi ya koma na wata-wata. Harlan ya ga 'yarsa tana sulluɓe masa, ya san dalili, ya kuma rasa yadda zai yi. Ya ji zafin maganar nan fiye da cizon karen Lund.

A nan Malama Ardis ta shigo. Ta koyar da rabin garin nan karatu, har da Britta, da ta yi ritaya kuma ta karɓi ragamar 'yan wasan kwaikwayonmu da ke haɗuwa a tsohon zauren manoma. 'Yar ƙarama ce, iska mai ƙarfi za ta iya ɗauke ta, amma in ta buɗe baki ƙato sai ya nemi wurin zama. Ita ta jawo Harlan bayan rasuwar Lorna, wai ya zo ya riƙa buga musu katako, don zaman kaɗaici ba ya yi wa namiji kyau.

A hunturun nan sun ɗauko wani tsohon wasa, wanda ya girmi kakanninmu. Labarin wa da ƙane ne 'yan babban gida, sun dawo daga binne uwarsu, sun zauna cin abinci. Wan alƙali ne mai mutunci. Kashi na ɗaya da na biyu ba komai sai shayi da safar hannu da "bismillah, kai fara" da "a'a, kai ne babba", ana soka wa juna magana a cikin ladabi. Saura mako biyar a fara, wanda zai fito a alƙali ya zame a kan ƙanƙara ya karya ƙugu. Malama Ardis ta waiga ta ga Harlan a kan tsani da guduma.

Ta ce, "Harlan, sauko. Kai ne alƙali."

"Ni, Malama? Ai ni ban iya ba."

"Ka iya cewa na gode da sannu? To ka iya kashi biyu. Sauko."

A wajenmu ba a ce wa malamar makaranta a'a. Ya karɓi takardun ya tafi gida, ya karanta kashi na ɗaya da na biyu, ya ji ashe abin ba wuya. Sai da ya kai ƙarshen kashi na uku ya ga abin da ya sa ya ajiye kofi. A nan ƙanen yake faɗin maganar da ta tsinke igiya, alƙali mai mutunci ya tsallake tebur, ya watsar da kofunan shayi, ya maƙure ɗan'uwansa.

Wanda ke fitowa a ƙanen shi ne Reino Pekkala mai aski, gajere mai ƙiba, bakinsa ba ya hutawa sai in yana barci, kuma matarsa ta ce ko a nan ba tabbas. Mako biyu suna gwaji lafiya, in an zo wajen shaƙar Malama ta ce a tsallake, akwai ranarsa. Ranar wata Asabar da rana aka kira ta a waya, ta fita falo ta bar su a dandamali.

Reino ya ce, "Kai mai wasiƙa, zo mu gwada wurin nan mu huta. Sai tsallakewa ake kamar kashin kare."

"Malama ta ce a jira."

"Malama ta ce, Malama ta ce. Shekararka nawa ne? Kama ni kawai. Ko tsoro kake kada in cije ka ka ba ni haƙuri?"

Sauran 'yan wasa suka yi dariya. Reino ya ga ya samu kasuwa, ya ɗauko maganar ƙanen ta cikin wasa ya jefa masa, da wani murmushin raini da ya iya. Ya ƙara da tasa, ya ce, "Dube shi. Mutumin da ko jikansa ya kasa ɗauka, shi ne zai shaƙe ni?"

Ba da mugunta ya faɗa ba, mai aski ne, kowane zance ta kujerarsa yake bi. Amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Hannuwan da suka yi shekara arba'in da tara a aljihu suka fito. Tebur ya kife, Reino ya ji bayansa a kan katako, fuskarsa ta yi ja, ta fara komawa shuɗiya. Mutanen da ke wurin suka ɗauka wasa ne, har wata ta fara tafi. Shi kuwa Harlan ya ji sanyin nan na ɗakin shanu ya dawo, bai tsufa ba, bai rage ba. Sai ya ga kansa a tsaye can gefe, Reino yana tari a ƙasa. Ya ce, "Ku yi haƙuri," ya fita ko rigar sanyinsa bai ɗauka ba.

Washegari bai je coci ba, karo na farko tun rasuwar Lorna. Yana zaune a kicin da takardun wasan a ambulan, ya rubuta sunan Malama a kai, sai ga ta ta turo ƙofa ba sallama, rigarsa a kafaɗarta, kwanon taliya da nama mai zafi a hannunta. Ta dire kwanon, ta kalli ambulan, ta ture shi gefe.

Ta ce, "Reino yana nan lafiya. Muryarsa ta dushe, matarsa ta ce a gode maka."

Harlan bai yi dariya ba. Ya ce, "Malama, a nemi wani. Ni ba mutumin da kuke zato ba ne."

"Laifina ne, ba naka ba. A dandamalina ba a taɓa wuyan kowa sai na koyar, kuma na fita na bar ku da wancan sarkin surutu. Tashi tsaye."

"Ba ki gane ba."

"To ganar da ni."

Ya gaya mata. Bokitin madara, bangon ɗakin shanu, takalman Nils, har da daɗin, wanda ko Lorna sau ɗaya ya taɓa faɗa mata. Ya ce jiya ma ya ji shi. Yana magana yana kallon tebur, yana jiran ta ɗauki jakarta. Malama Ardis ta saurara har ya gama.

Ta ce, "Na san Nils. Na kuma san rigunan uwarka, duk mun sani, muka yi shiru, Allah ya yafe mana. Daɗin da ka ji kuwa, kada ka ɗauka kai kaɗai aka yi wa. Me kake tsammani ya sa mutane suke cika zaure shekara ɗari suna kallon wasan nan? Kowa ya san alƙalin, da shi yake kwana. Ni tambayata ɗaya ce. Ranar nan a ɗakin shanu, wa ya ɓamɓare ka daga wuyan ubanka?"

Harlan ya ɗago kai. Ya ce, "Ba kowa. Inna tana ƙasa."

"Jiya fa? An ce min duk tsaye suka yi kamar gumaka."

"Ba kowa."

"To wa ya buɗe hannun?"

Ya dubi tafukansa. Shekara arba'in da tara yana tuna yadda hannuwansa suka rufe, ko sau ɗaya bai taɓa tuna cewa sun buɗe ba, balle ya tambayi wanda ya buɗe su.

Ta ce, "Yanzu tashi in nuna maka yadda ake shaƙe mutum a dandamali, tunda kai na gaske kawai ka iya."

Ta tsaya a gabansa, kanta bai kai ƙirjinsa ba. Ya ɓoye hannuwa a baya kamar ɗan makaranta. Ta ce ya miƙo, ya miƙo. Ta ɗora su a kan ƙashin da ke ƙasan wuyanta, nesa da maƙogwaro, sannan ta kama tsintsiyar hannunsa da 'yan yatsunta masu sanyi.

"Ka ji sirrin. Wanda ake shaƙa shi ke ja ciki. Mai shaƙa buɗewa yake, waje yake ja da ƙarfinsa. 'Yan kallo suna ganin jijiyoyi sun tashi, suna ganin kokawa, ba su san kowa kishiyar abin da suke gani yake yi ba. In na gaji na saki, hannunka da kansa zai tashi daga wuyana. Fushin kuwa kada ka ɓoye shi, ka zuba shi a fuska, ka zuba shi a murya, duk wanda ka tara. Hannu dai aikinsa buɗewa. Ja."

Ya ja. Nan take hannuwansa suka fizge daga nata, har ta yi taga-taga.

"A hankali, bijimi. Ni ba Reino ba ce. Sake."

Suka sake, sau biyar, sau goma, a tsakiyar kicin, taliya tana hucewa. A na ƙarshe ta langaɓe kai tana kakari kamar da gaske, shi kuma yana tsaye a kanta da ƙarfinsa duka, wuyanta a tsakanin tafukansa, ko jan wuri bai yi mata ba. Harlan ya zauna a kujera ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko a jana'izar Lorna. Malama ta zuba masa abinci, ta ce in ya gama ya ci, kuma gwaji ran Talata ƙarfe huɗu.

Ran Talata Reino ya zo da gyale naɗe a wuya har kunne. Kafin Harlan ya buɗe baki ya riga shi, da 'yar muryarsa da ta shaƙe.

"Bakina ne ya ja min, mai wasiƙa, maganar jikanka ba tawa ba ce. Amma daga yau askinka ka nemi wani. Ba zan riƙe reza kusa da mutumin da ya fi ni iya wuya ba."

Daga ranar Malama ta kafa musu doka irin ta masu sana'ar. Kafin kowane wasa, tun ba a buɗe ƙofa ba, su biyu za su hau dandamali su yi shaƙar sau uku, na farko a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa, na biyu da ɗan sauri, na uku yadda za a yi. Kuma ba a farawa sai sun haɗa ido, Reino ya ɗaga gira alamar ya shirya. Ko sau ɗaya ba su tsallake ba.

Malama ce ta kira Britta, ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ta ce mata ubanta yana wasa ran Lahadi ƙarfe biyu na rana, kuma ta ajiye mata kujera a layi na uku. Ita ma Britta ba ta iya ce wa malamarta a'a. Ta zo, mijinta ya tsaya a falo yana jijjiga Anders.

Kashi biyu mutane suna ta murmushi, don Harlan ne sak, sai dai an sa masa baƙar kwat. Da aka zo na uku, ya tsallake teburin nan da wata tsawa da ba wanda ya san tana cikin ƙirjinsa, zauren ya ɗauke wuta. Matar Lund ta toshe baki da hannu. Mutanen da suka yi shekara talatin suna karɓar wasiƙa daga hannunsa suka ga fuskar da ba su sani ba, wasu tsofaffi kuma suka ga wadda suka sani, ta Nils. Aka ja labule, aka ɗan jima kafin wani ya tuna ana tafi.

Bayan wasa aka sauka ƙasa shan kofi da kek kamar kullum. Harlan yana tsaye a lungu, sai ga Britta a gabansa, fuskarta ba jini.

Ta ce, "Baba, ban san da wannan a cikinka ba. Na tsorata."

"Yana nan. Tun kafin a haife ki yana nan. Shi ya sa..." Ya dubi aljihunsa. Ya ce, "Zo in nuna miki wani abu."

Ya fito da hannuwansa, ya ɗora su a kafaɗunta, ya ce ta kama tsintsiyar hannunsa ta ja ciki. Ta kama. Shekararta talatin da biyar, ba ta taɓa sanin nauyin hannun ubanta ba sai ranar. Ya ja waje a hankali, ya ce, "Kin ji? Ni buɗewa nake. Tun kina jaririya abin da nake yi ke nan, sai dai na yi shi da nisa, ban san ana iya yin sa a kusa ba. Akwai labarin kakanki da zan ba ki, in kina da lokaci."

Britta ba ta saki hannun ba. Ta daɗe tana riƙe da shi, mutane suna wucewa da kofuna suna yi kamar ba su gani ba, wanda shi ne abin da muka fi iyawa a Norby, kuma ranar ya yi amfani. Can ta waiga ta yafito mijinta. Ta karɓi Anders, wannan karon ba ta miƙa ba, ta tsaya tana kallon ubanta. Harlan ne ya miƙo hannu.

Yaron ya zauna a tafukan nan kamar an auna. Ya kalli baƙar kwat, ya kalli fuskar, sannan ya damƙi babban yatsan kakansa ya ja shi zuwa bakinsa. Harlan ya ɗago ido yana neman Malama Ardis ya ce mata wani abu, ya hango ta can wajen tebur tana yi wa Reino faɗa a kan ya cinye yankan kek na ƙarshe. Anders ya sake jan yatsan da ƙarfinsa duka. Wannan karon Harlan bai ja waje ba.